Hambali Uku da Jar Akuya

A ƙasar Magarya, kafin shekarun yunwa, in ka ce Hambali sai a tambaye ka wanne. Uku ne suka yi suna.

Akwai Hambali Wakili, na cikin Magarya. Da dakon buhu ya fara a bakin ma'aunin gyaɗa, har ya zama shi ke sayen gyaɗar ƙauyuka yana kai wa kamfani. Da aka samu mulkin kai ya shiga parti, wato jam'iyya, ya sayi kamyo, babbar motar kaya, ya je Makka ta jirgin sama ya dawo da haƙorin zinariya. In kwamanda mai mulkin yankin zai yi wa talakawa magana, shi ke tsayawa a damansa.

Akwai Hambali mai allura, ɗan Dungas. Wannan ya yi lakwal, wato karatun boko, har Yamai, ya dawo malamin dabbobi. Shi ya bi rugage a shekarun da ake yi wa shanu allurar bushiya, duk wadda ya yi wa sai ya tsaga mata kunne. Da farko makiyaya gudunsa suke yi. Da suka ga ciwon ya daina kashe musu maruƙa, sai suka koma aika masa man shanu a ƙwarya.

Sai Hambali na Bande, ɗan kokawa. Bai yi karatu ba, bai tara wata dukiya ba, amma daga Bande har bakin iyaka ba a samu wanda ya kai shi ƙasa ba. In kaka ta yi aka buga ganga, mutane sukan bar sussuka su bi shi gari gari.

Daga nan aka ce sunan ne mai sa'a. Ba wanda ya tuna da Hambali mai jaki da ke kawo itace kasuwa, ko Hambali makaho na bakin masallaci. Su ma sunan ne a kansu, amma ba a sa su cikin hirar ba, don za su ɓata ta. Aka yi ta raɗa wa jarirai.

Cikin waɗanda suka raɗa har da Manu na Garin Illa, wani ɗan ƙauye da ke tafiyar yini daga Bande. Manu manomi ne mai 'yan shanu, mutum mara yawan magana, amma in ana kokawa shi ne mai ihun da ya fi na kowa. Da matarsa Fadi ta haifi ɗan fari, ya ƙulla goro ya tafi Bande ya ce wa gwanin nasa an yi masa takwara. Hambali ya ji daɗi, ya aiko wa jaririn 'yar akuya ja, kamar yadda ake yi. Fadi kuwa, da yake uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta sa masa Ɗan Bande.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekara ta farko aka ci tsohon hatsi, ta biyu aka ci iri, ta uku aka koma ganye da dussa. Shanun Manu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Zuwa bazarar da sojoji suka karɓi mulki, abin da ya rage mai numfashi a turken gidan jar akuyar nan ce kaɗai. Ɗanta ya mutu, amma ba ta ƙafe ba, don Fadi na fita tun da sassafe tana tsinto mata 'ya'yan gawo kafin wasu su riga ta. Ɗan abin da take tatsa safe da yamma shi ke riƙe da Ɗan Bande. Ƙyanda ta kama shi ta sake shi, ta bar shi da zawo, cikinsa ba ya karɓar komai sai nonon.

Wata ranar da la'asar Manu ya dawo da labari. An buɗe magazar Hambali Wakili, inda yake ajiyar kaya, an tarar da hatsin taimako jibge har rufi, jandarma sun tafi da shi Damagaram a bayan mota, ba hula.

Uwar Manu, wadda kowa ke kira Ya Kaka, tana zaune a bakin ɗakinta. Ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa.

"To, ya cika uku," in ji ta.

Ta ɗaga murya.

"Na ce ya cika uku. Mai allura ina yake? Shanun da ya tsaga wa kunne su suka fara zubewa. Yau in ya leƙa ruga da sanda za a bi shi, yana can Damagaram ya ɓuya cikin biro, ba ya leƙowa daga ofishin. Naka kuma na Bande, yaron da bai gama fitar da gemu ba ya nannaɗe shi gaban kwamanda, har kafaɗa ta goce. Ga Wakili. Sunan ya juya, Manu. Kai kana ganin ɗan nan zai iya ɗaukar abin da ya kayar da manya uku?"

"Inna," in ji Fadi, "waɗanda ba a tsaga wa kunne ba ma sun mutu. Na maƙwabcinmu Abdu ko ɗaya ba a yi wa allura ba, ina suke?"

"Da ke nake? Ke kika haifi uban nasa?"

Fadi ta sunkuyar da kai. Gaskiyarta ce, amma a shekarar ba gaskiya ake nema ba. Mutum in ya rasa abin da zai yi wa sama, sai ya nemi abin da hannunsa ke kaiwa. Suna kuwa hannu na kai masa.

Ya Kaka ta ce a sauke wa yaron sunan a raɗa masa wani. Ta riga ta yi magana da liman. Sai dai sabon suna ba ya zama sai da jini, kuma kowa a tsakar gidan ya san inda jinin yake. Akuyar na can tana tuƙa a gindin turke.

"In aka yanka ta me zai sha?" Fadi ta tambaya, ba ta kalli kowa ba.

"Romo. Ya sha romo, mu ma mu lasa. Nonon da yake sha ya tashe shi ne? Kullum ƙara lanƙwashewa yake. Ba yunwa ke cinsa ba, nauyi ne."

Fadi ta juya wajen mijinta. "Malam, ka ce wani abu."

Manu ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Tun da saniyarsa ta ƙarshe ta mutu ya zama haka, ana magana da shi kamar ana magana da bango. Daga ƙarshe ya ce, "Ba a sauke suna sai mai shi ya sani."

Wannan haka yake. Yadda aka kai wa mutum goro aka ɗauko sunansa, haka za a kai masa goro a maida masa. In ya ce bai karɓa ba, magana ta mutu. Ya Kaka ma ba ta musa ba, ta dai ce to ya shirya ya tafi.

"Ba zan iya haɗa ido da shi ba, Inna. Ina can ranar da aka kayar da shi. Ya gan ni."

"Ni zan je," in ji Fadi.

Ta riga ta yi lissafinta. Mutumin da aka yi wa kiɗa shekara da shekaru ba zai yarda a maido masa sunansa kamar tsohon takalmi ba. Zai yi fushi ya kore ta, ita kuwa korar take so.

Da gari ya waye ta goya yaron, ta kwance akuyar. Ya Kaka ta fito.

"Ita kuma ina za ta? Gaisuwa?"

"Me zai sha a hanya, Inna?"

Tsohuwar ta kalli igiyar, ta kalli surukarta. Dukansu biyu sun san ba don hanya kaɗai ba ne. Akwai wuƙa a gidan, liman kuma maƙwabci ne.

Rana ta yi sanyi kafin ta shiga Bande. Ba ta sha wuyar samun gidan ba, amma da ta gan shi sai ta tsaya. Dangar ta zube gefe guda, an cire karan an yi wuta da shi. Matar gidan, Tabawa, ta tarbe ta da ruwa, tana ba da haƙuri ba ko gari a ciki. A kan tabarma akwai yarinya ƙarama kwance, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja ya kwanta. Wasu yara biyu manya suna zaune jikin bango, idonsu kan akuyar.

"Hinda ke nan, autata," in ji Tabawa. "Naki ma haka?"

"Haka."

Mai gidan ya fito daga ɗaki a duƙe. Fadi ta taɓa ganinsa sau ɗaya daga nesa, ana ɗauke da shi a kafaɗa. Ƙashin yana nan, faɗin ƙirjin yana nan, amma fata ce ke reto a jiki, hannun dama kuma yana riƙe da shi kamar na aro. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita matar Manu ce ta Garin Illa.

"Manu mai ihu! Yana nan? Wannan in ya buɗe maƙogwaro har abokin karawata sai ya waiga." Ya leƙa bayanta. "Wannan ne takwaran nawa? Kai, tashi mu kama. Yanzu kam daidai muke, kowa iska na iya tura shi."

Fadi ta kwance bakin zane ta fitar da goro biyu da suka fara bushewa, ta ajiye gabansa. Ta faɗi saƙon yadda aka ba ta, har ta ƙara masa gishiri. Ta ce surukarta ta ce sunan ya lalace, ta ce duk mai shi ya zama abin nuni, ta ce har yara sun san an gama da na Bande. Tana faɗa tana satar kallon fuskarsa, tana jiran ta ga jijiyar wuya ta tashi.

Jijiyar ba ta tashi ba. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi a hannu.

"Tsohuwar ta yi gaskiya," ya ce. "Ni ma da da inda zan kai shi da na kai. Na karɓa."

"Baba, ba a yi maka adalci ba fa. Kai ne..."

"Na ce na karɓa, 'yar nan." Ya ɗaga kai, idonsa ya wuce ta ya sauka kan akuyar. Ya daɗe yana kallonta. "Wannan jar, ba ita ce na aika ba?"

"Ita ce."

"Ta yi kyau. Kin iya kiwo." Ya miƙe, ya zo ya sa hannun hagu ya kama igiyar. "Wanda ya maido suna, da kayan suna yake maidowa. Tambayi kowa."

Ba sai ta tambaya ba. Ta san haka ne, ta dai manta, ko kuwa ba ta taɓa zaton mutum irinsa zai tuna ba. Ta riƙe igiyar ta ɗaya gefen.

"To na fasa. Ban kawo komai ba. Ba ni gorona."

Ya jefa goron a baki ya ɓantara.

Ba ta da inda za ta a wannan lokacin, Tabawa ta shimfiɗa mata a ɗakinta. Kafin magariba Fadi ta nemi izini ta tatsi akuyar, yanzu da izini take tatsa. Abin da ya fito bai cika ƙoƙo ba. Ta ba ɗanta, yana sha tana jin idon Tabawa a bayan wuyanta. Ta cire ƙoƙon daga bakinsa da saura kaɗan, ta miƙa. Tabawa ta ɗaga kan Hinda ta ɗura mata, yarinyar ta lashe har gefen ƙoƙon.

"Gobe kasuwa," in ji Tabawa a hankali. "Zai kai ta. An ce hatsin da sojoji suka ƙwato yana tafe, amma ba a san ranar ba. In ya samo 'yan tiyoyi za mu kai lokacin." Sannan ta ƙara da cewa, "Kada ki ɗauke shi mugu. Da, in ya ciyo bajimi a fage, kafin ya iso gida ya rabar."

"Nawa ba ya cin hatsi," in ji Fadi.

"Na sani, 'yar'uwa."

Da safe ya ja akuyar ya fita. Fadi ta goya ɗanta ta bi shi. Ya waiga ya ce ta koma, ta ƙi. Ya ƙara waigawa ya ce, "Ke ba ki da kunya ne?" Ta ce ta bar ta a gida.

Kasuwar dabbobi ta cika da ƙasusuwa masu tafiya. Jar akuya mai nono a cikinsu sai ta zama abin kallo. Wani mahauci mai suna Maikano ya taso yana murmushi, ya danna mata baya, ya ɗaga leɓenta.

"Sarkin fage! Yau kai ne da akuya? Da bajimi muka san ka."

"Yi ciniki, Maikano, bar surutu."

"Ai dole in yi surutu, rabon da in ga nama a jikin dabba har na manta kamanninsa. Wannan matar fa da ke tsaye kamar mai bin gawa?"

Fadi ta matso tsakiyar mutane. Ta kwance goyon, ta juyo da yaron gaba, ta ɗaga shi yadda kowa zai ga ƙafafunsa. Muryarta ta fita da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba.

"Jama'a, ku gane shi. Sunansa Hambali."

Wata tsohuwa mai sayar da igiya ta rufe baki da hannu, don ta gane uwa ce ke kiran ɗan fari a bainar jama'a.

"Hambali sunansa, takwaran wannan da ke tsaye. Ubansa ya bi shi Magarya, ya bi shi Dungas, ya bar gonarsa tsuntsu na ci don ya je ya yi masa ihu. Shi ya ba yaron akuyar nan da hannunsa. Nononta kaɗai yake sha. Yau ga shi zai sayar wa mahauci. Ku da kuka ɗauke shi a kafaɗa, ku kalla da kyau, don ku ba 'ya'yanku labari."

Ba ta ambaci goron ba. Ba ta ambaci Hinda ba.

Maikano ya janye hannunsa daga bayan akuyar ya goge a riga. Wani daga baya ya ce, "Haba, na Bande." Wani ya ce, "Ashe faɗuwar ba ta fage kaɗai ba ce."

Hambali ya buɗe baki. Yana da abin faɗa, kuma da ya faɗa da rabin mutanen sun koma bayansa, don kowa a wurin ya bar mai kumburin ciki a gida. Amma dole sai ya ce ga 'yata can kwance, ga matata ba ta dafa komai ba, gaban mutanen da suka san shi da rabon shanu. Ya kalli fuskokinsu ɗaya ɗaya. Ya rufe bakin.

Ya miƙa wa Fadi igiyar.

"Riƙe. Ki gaya wa tsohuwar ban karɓa ba. Sunan yana kansa, ko ya ɗauka ko ya kayar da shi." Ya sunkuyo daidai kunnenta, yadda ita kaɗai za ta ji. "Kin iya kamu, 'yar nan. Ban ga ta inda kika shigo ba."

Ya juya ya bi ta cikin rumfuna, hannun dama na reto.

Fadi ba ta koma ta yi wa Tabawa sallama ba. Ta bi ta bayan gari ta kama hanya.

A gida ta faɗi saƙon a taƙaice: ya ce bai karɓa ba. Ya Kaka ta yi tsaki ta ce girman kai ne zai ƙarasa shi, ta shiga ɗaki. Manu ya karɓi igiyar ya ɗaure akuyar da kansa, har ya ɗan yi murmushi. "Na san ba zai karɓa ba," ya ce. "Ba ku san shi ba ne." Fadi ta bar shi a haka.

Hatsin taimako ya iso Bande, amma sai da ruwan farko ya sauka. Zawon Ɗan Bande ya tsaya, ya fara karɓar kunu, wata rana aka gan shi ya dafa turke ya miƙe. Ya Kaka ta ce ai daman sunan gwani ba ya kayar da nasa, kuma ta faɗe shi da bakin da ta faɗi na farko, ba ta ji komai ba.

Ana cikin noman farko wani mai tallan gishiri ya kawo labari. Na Bande ya sayar da layunsa na kokawa, ya hau mota ya yi Kano neman dako, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Autarsa kuma ta rasu kafin hatsin ya zo.

Fadi ta ce za ta je gaisuwa. Manu ya ce hanya ta yi laka, ta ce ta sani. Ta tatsi akuyar, wadda yanzu ta samu ɗanyar ciyawa tana cika ƙwarya, ta zuba a gora, ta bar yaron wajen kakarsa.

Ta tarar da Tabawa a tsakar gida tana tsince ganyen tafasa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi mata gaisuwar rashi. Tabawa ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga kai ba. Da aka gama sai Fadi ta tura goran gabanta.

Tabawa ta buɗe ta shinshina. Nonon ya yi tsami a hanya. Ta kira yaran nan biyu, ta zuba musu a ƙoƙo, ta tsaya a kansu har suka shanye.

"Ya mai sunan maigidan?" ta tambaya.

"Ya tashi. Yana tafiya."

"Madalla." Ta ɗauraye goran, ta kife shi ya tsane, ta miƙo mata. "Ki kama hanya tun da rana, hadari na haɗuwa."